Tudu ko fadama, inshora ko ciko: lissafin da na yi ma ƙanena kan maganar ambaliya

Ƙanena ne ya jawo maganar ga gaba ɗaya. Ya daɗe yana tara ɗan abin da yake samu, bana Allah ya hore mai, sai dillalai sunka kawo mai fuloti biyu, ɗaya can wajen hanyar jami'a gab da fadama, ɗaya kuma ta Kwannawa in ka miƙi hanyar Gusau. Na fadamar kusan rabin kuɗɗin ɗayan ne kuma ya fi shi girma, ga itatuwa ga sanyi, kuma duk wanda ya san zafin Sakkwato na watan Afrilu ya san sanyin fadama ba abin rainawa ba ne. Sai ya zo min da dabara, wai Yaya mi zai hana in sayi na fadamar, rarar kuɗɗin in zuba ta cikin gini, in ya so sai in yi ma gidan inshora, ran da ruwa ya zo kamfani ya biya. Na ce mai zauna tukuna, dabarar ga taka tana da kyau a baki amma akwai ramu cikinta, kuma ni na riga ka faɗawa cikin ɗaya daga ciki.

Abin da mutanenmu ba su cika rarrabewa ba shi ne ambaliyar Sakkwato ba iri ɗaya ba ce. Ruwan da ke cin gida a Goronyo ko Silame daban, ruwan da ke shiga ɗaki a Mabera daban, kuma akwai na ukku wanda ba a ma kiranshi ambaliya amma ya fi su kada gini. In ba ka san wane ne abokin gabarka ba cikin ukkun ga, duk kuɗɗin da ka kashe kan kariya ka yi harbi cikin duhu.

Na farko ruwan gulbi. Gulbin Rima ba ruwan garin ga kaɗai yake ɗauke da shi ba, yana kwaso na Gagare da na Bunsuru daga wajen Zamfara da Katsina, ga Gulbin Maraɗi da ke lanƙwasawa ta cikin Nijar ya dawo, duk su taru su nufo dam ɗin Goronyo wanda anka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ta ɗayan ɓangaren kuma ga Gulbin Sakkwato da ke biyowa ta Gusau ya shiga dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara, shi tun 1978 yake nan. Gulaben biyu nan kusa da gari suke gamewa su wuce Argungu da Birnin Kebbi. To ma'anar wanga bayanin ita ce ana iya yin rana tsaka babu ko ɗigon ruwa a unguwarku amma ruwan da anka yi kwana ukku da sunka wuce a wata jiha yana bisa hanya. Wanda ya ga Satumban 2010 ba ya buƙatar a ba shi labari. Dam ɗin Goronyo ya cika ya batse, ruwa ya kwararo, Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko da Silame duk sun ji a jikinsu, hanyar da ta haɗa gari da mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta yanke a wajen Kwalkwalawa, ɗalibai da malamai da masu zuwa Illela sunka koma shiga kwale-kwale. Abin mamaki wai dam ɗin ga shi ne kuma a 2018 ya kusa ƙafewa har ana maganar ƙarancin ruwan sha a gari, to wanga shi ke ruɗin mutane, sai a yi shekara biyar shidda fadama na bushe ƙamas, dillali ya kai ka cikin rani ya ce duba da idonka ina ruwan yake.

Halin ruwan gulbi shi ne yakan zo daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ba ya zuwa kowace shekara, amma in ya zo ba gida ɗaya yake ɗauka ba gari yake ɗauka, kuma ba ya tafiya da wuri, sai ya kwana bakwai ko fiye yana tsaye cikin ɗaki. Ban ga laifin magabata ba da sunka kafa birnin bisa tudu sunka bar ma fadama shinkafa da albasa da rake. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mutanenshi ba su da taswirar kwamfuta a 1809 amma dubi inda Kanwuri da Hubbare suke, ka leƙa ta Ƙofar Kware ka ga yadda ƙasa ta gangara.

Na biyu ruwan unguwa, shi ne nawa. Ruwan saman da muke samu a shekara ba wani mai yawa ba ne, bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, matsalar ita ce cikin 'yan kwanaki yake zubowa, a yi awa biyu kamar da bakin ƙwarya. Unguwannin da anka yanka fuloti babu lambatu, kowa ya yi gininshi yadda ya ga dama, wani ya tare hanyar ruwa da katanga, wani ya cika kwalbati da shara da ledar fiya wata, to ruwan ga dole ya nemi mafita kuma gidan da ya fi kowa ƙasa shi ne mafitar. Mabera ta yi suna a nan har sai da anka kawo aikin manyan magudanai ƙarƙashin shirin NEWMAP na Bankin Duniya, kuma ba ita kaɗai ba ce, kusan kowace sabuwar unguwa tana da lungun da kowa ya sani. Ni gidana lafiya lau yake shekara da shekaru, ranar da anka zo anka yi ma layinmu ciko anka ɗaga titi sai gidan ya koma rami, damina ta farko ruwa ya shigo ta ƙofar zaure har gwiwa, katifu, firiji, buhun shinkafa biyu, takardun yara. Wanga ruwan cikin awa ɗaya yake shigowa cikin awa huɗu ya fice, ba ya cika kada ginin bulo, kaya yake ci, kuma kusan duk shekara sai ya leƙo.

Na ukkun shi ne sanyin da ke hawa bango daga ƙasa da kuma malka, ruwan ga na Agusta da ke wuni yana yayyafi ya kwana. Shi ke jiƙa katangar ƙasa har ta zauna, shi ke sa filasta na ɓamɓarewa daga gindin bango, fenti ya kumbura, ƙasan ƙofa ya ruɓe. Ka riƙe wanga na ukkun don zan dawo kanshi, nan ne mafi yawan rigimar mutane da kamfanonin inshora take.

To yanzu inshorar kanta. A Najeriya ba a cika sayar da inshorar ambaliya ita kaɗai ba, ba kamar Amurka ba inda gwamnati ke da shirinta na musamman tun 1968 kuma inshorar gida ta yau da kullum ba ta ɗaukar ambaliya sam. Mu nan cikin inshorar gobara ake cusa ta. Akwai ta gobara zalla, akwai ta gobara da ƙarin wasu haɗurra, su guguwa da ambaliya da fashewar bututu da mota ta kutso cikin katanga, akwai kuma ta mai gida wadda ke haɗa gini da kayan ciki har da sata. Kamfanoni irin su Leadway da AIICO da AXA Mansard da NEM duk suna da irin waɗanga. Ramin farko kenan, mutum ya ce ai ina da inshora, ashe ta gobara ce zalla, ruwa ya ci gida a ce mai Alhaji ba mu yi da kai kan ruwa ba. Ka sa wakilin ya buɗe takardar ya nuna maka kalmar "flood" da yatsa, in bai iya nunawa ba tashi ka ba shi wuri. Haɗin ga da gobara ni ina ganin alheri ne gare mu, don wanda ya tuna gobarar babbar kasuwa ta Janairun 2021 ya san a garin ga wuta ba ta fi ruwa sauƙi ba, ga wayarin ɗin gidajenmu ga hunturu ga guguwar farkon damina mai yaye kwano.

Rami na biyu shi na faɗa. Bayan ruwan farko na je na yi inshora da wani kamfani, anka tambaye ni nawa ne darajar gidan, ni kuma don kuɗɗin shekara su yi sauƙi sai na faɗi abin da na kashe lokacin da na gina shi. Ashe ba haka ake lissafi ba, abin da ake so shi ne nawa za ka kashe in yau za ka sake gina shi, ban da kuɗɗin fili don fili ba ya cikin inshora. Kuma kowa ya ga yadda buhun siminti da muke saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a 2024. Bari in ba da misali da lambobi masu sauƙi, mu ƙaddara sake gina gidanka zai ci miliyan 20, kai kuma ka rubuta miliyan 10, ruwa ya yi ɓarnar miliyan 4. Kai kana jiran miliyan 4 tunda ai ba ta kai 10 ba, su kuma za su ce rabin gidan ka yi ma inshora don haka rabin ɓarnar za su biya, miliyan 2, sannan su cire wani kaso da yarjejeniya ta ce kai ne za ka fara ɗauka a kowace asara. Ran da mai tantance ɓarna ya zauna ya yi min wanga lissafin a tsakar gidana wallahi sai da na ji kunya gaban iyali, don ban iya cewa an cuce ni ba, a rubuce yake ni ne ban karanta ba.

Wanga kason da kake fara ɗauka shi ke sa inshora ba ta cika amfanar mai fama da ruwan unguwa na kowace shekara ba. In ɓarnarka katifa biyu ce da kafet, tana iya ƙarewa cikin kason ga ba ka karɓi ko sisi ba, ko ka karɓi abin da bai kai wahalar zirga-zirgar ba. Inshora an yi ta ne don babbar asara wadda ba ta cika zuwa ba. Sannan sanyin ga mai hawa bango da na ce ka riƙe, shi ba sa biyanshi, suna lissafa shi cikin tsufan gini da rashin kula, haka bangon da ya riga ya tsage tun rani. Katangar waje da get ma sau da yawa ana ware su daga ɓarnar ruwa da iska sai in an rubuta su, alhali a Sakkwato katangar waje ita ke fara faɗuwa. Kuɗɗi tsaba da zinaren uwargida su ma ka tambaya, kada ka ɗauka.

Sai babbar maganar da ta rushe dabarar ƙanena. Kamfani ba dole ba ne ya karɓe ka. Cikin fom ana tambaya da mi anka yi bango da rufi, shin akwai gulbi ko tafki kusa, shin ruwa ya taɓa shiga. Ginin da suke so shi ne bulo da siminti da kwano, ginin ƙasa da azara yawanci ko dai su ƙi ko su tsawwala. Gidan da ke bakin fadama ana iya karɓarshi a cire ambaliya daga ciki, ko a ɗaga kuɗɗi, ko a ɗaga kason da za ka ɗauka. In kuma ka ɓoye ka ce ruwa bai taɓa zuwa ba, ran biya za su aiko mutum ya tambayi maƙwabta, ya ga zanen da ruwa ya bari jikin bango, yarjejeniya ta tashi, ga zunubin ƙarya ga asarar kuɗɗi. Kuma ko an karɓe ka bana, takardar ta shekara ɗaya ce, in sun biya ka sau ɗaya baɗi suna da damar canza sharaɗi. Wato dai wurin da ya fi kowa buƙatar inshora nan ne ta fi wuyar samu, a Ingila ma sai da gwamnati da kamfanoni sunka kafa wani asusu na musamman a 2016 kafin masu gidajen bakin kogi su samu da sauƙi, mu ba mu da irinshi.

Na san da yawa cikin masu karatun ga tun daga kalmar inshora sun riga sun ɗaure fuska, ni ma Kawuna da ya ji na yi cewa ya yi kai ɗan nan caca ka shiga. Maganarshi ba ta banza ba ce, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci irin wadda anka saba ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikinta, amma a hukuncin nan dai sunka ce ta taimakekkeniya ta halatta. Ita ce takaful. Sudan anka fara ta a 1979, a nan kuma hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, Noor Takaful da Jaiz Takaful sunka samu lasisi a 2016, daga baya wasu sunka biyo kamar Salam Takaful da Hilal. Bambancin shi ne kuɗɗin da ka zuba ba sayen alkawali ka yi ba, tabarru'i ne, wato gudummawa, cikin asusun mahalarta, kamfani wakili ne yana ɗaukar ladan aikinshi, ba a juya kuɗɗin cikin harkar kuɗɗin ruwa ko haram, akwai malamai masu sa ido, kuma in shekara ta ƙare da rara ana iya raba ma waɗanda ba su karɓi diyya ba. Wanga rabon rarar yana min daɗi, ko ba yawa, don shi ke cire ma mutum jin cewa na zuba kuɗɗi sun tafi a banza.

Amma fa kada wani ya ɗauka tunda an ce takaful to sadaka ce za a share mai hawaye ko ta yaya. Duk ramukan da na lissafa suna nan, fom ɗin iri ɗaya ne, mai tantance ɓarna zai zo, in ka rage darajar gida za a rage maka biya, ginin ƙasa bakin gulbi zai sha tambayoyi iri ɗaya. Wajen farashi kuma kada ka yi zaton lallai ta fi araha, ka karɓi lissafin kamfani biyu ko ukku ka jera su. Inda ta fi a wajena natsuwar zuciya ce da rarar ga. Inda kamfanonin da anka saba sunka fi kuwa sun daɗe, sun fi jari da rassa. Ni tambayar da nake fara yi ma kowane, na takaful ko wanda ba shi ba, ita ce ran da ruwa ya shiga gidana ƙarfe biyun dare wa zan kira, kuma mai zuwa duba ɓarnar daga ina zai taso, daga nan gari ko daga Kaduna ko Abuja, don kafin ya iso laka ta bushe ka wanke ɗaki shaidar ta tafi. Shi ya sa hoto da bidiyo a waya tun ruwan na tsaye sun fi rantsuwa, da rasit ɗin manyan kaya in kana da su, kuma ka sanar da su cikin kwanakin da takarda ta faɗa. Ka biya ta asusun kamfani kai tsaye ba hannun wani ba, doka ta ce in ba a biya ba babu kariya, in kuma sun ƙi biyanka kan gaskiyarka NAICOM na karɓar ƙorafi.

Masu gidan haya su kula, tun dokar inshora ta 2003 gidan da 'yan haya ke ciki ana lissafa shi cikin gine-ginen da dole a yi musu inshorar rushewa da gobara da guguwa da ambaliya, kuma sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa ma hannu a 2025 ba ta sauke tilascin inshorar gine-ginen jama'a ba. Ɗan haya kuma inshorar mai gida ba ta san da katifarka ba, in kana so sai ka yi ta kayanka daban. Gona ita ma daban take, shinkafar fadama wajen hukumar inshorar noma ta NAIC ake zuwa, ba a cusa ta cikin ta gida.

To sai ɗayan zaɓin, wanda ni a ganina ya kamata ya riga inshora, wato ka kashe kuɗɗin cikin ginin kanshi. Wani tsohon birkila da ya yi min gyara bayan ruwa na biyu, muna ce mai Baba, ya tsaya ya dubi dokin ƙofata ya dubi titi ya ce Alhaji gidan ga naka ba ruwa ya shigo mai ba, kai ka shiga ma ruwa. Abin da ya yi ba wani abin mamaki ba ne, ya ɗaga dokin ƙofar zaure da bulo biyu ya yi matakala ciki da waje, ya yi ma gindin katanga kankare zagaye yadda ruwan indararo ba zai riƙa tona tushe ba, ya buɗe hanyar ruwan tsakar gida ta baya inda ƙasa ta fi gangara, ya ɗaga bakin sokawe don kada ruwa ya cika ta ƙazanta ta dawo gida, mai wayarin kuma ya mayar da soket-soket sama. Tun daga nan damina ukku ruwa na wucewa ta ƙofa yana kallonmu. Ga mai sabon gini abin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, tun ran gini ran zane, ka ɗaga fandisho ya haura titi sosai, kuma ka lissafa da cewa wata rana za a zo a yi ma titin ciko ya ƙara tashi, ka cika da jar ƙasa a daddaɓe ta, a shimfiɗa leda kafin a zuba kankaren daɓe don sanyin ƙasa kada ya hau. Ƙarin layin bulo ukku ko huɗu da 'yan tifofin ƙasa sau ɗaya ake biyansu, inshora kuwa duk shekara ce. Mai ginin ƙasa ma yana da nashi, ya yi gindin da dutse ko bulo da siminti, ya sa kwano mai baki da ya fito ya kare bango, ya yi yaɓe kafin damina ba cikinta ba.

Sai dai ciko na da iyaka kuma nan ne nake rabuwa da masu cewa inshora ɓata kuɗɗi ce. Ciko na maganin ruwan unguwa da sanyin bango, ba ya maganin gulbi. Ruwan da ya yanke titin kwalta a 2010 ba dokin ƙofa zai tsaya gaisawa da shi ba, kuma mutanen Maiduguri da dam ɗin Alau ya fashe musu a Satumban 2024 da yawansu gidajen bulo ne masu kyau cikin gari. Ciko kuma ba ya hana gobara, ba ya hana iska yaye kwano. Sannan in ka ɗaga naka ka tura ma maƙwabci ruwa ka sayi rigimar da har gaban mai unguwa sai kun je, don haka aikin lambatu na layi ne gaba ɗaya ba na mutum ɗaya ba.

Ajiya da adashe fa? Suna da kyau ga ƙaramar ɓarna, su ne ma daidai da ramin ga da inshora ke bari. Amma kuɗɗin da ka aje bara ba su sayen simintin bana, gara ma wanda ya aje tumaki ko buhunan gero, kuma adashen unguwa ɗaya in ruwa ya ci unguwar kowa ne zai miƙo hannu rana ɗaya. Tallafin hukumomin gwamnati na NEMA da SEMA kuma na agajin gaggawa ne, abinci, tabarmi, barguna, wani lokaci bandir ɗin kwano da siminti, yana rage zafi amma ba a gina lissafin gida kanshi.

Da na gama mai wanga dogon bayanin sai na ce to ga yadda nake gani. Mai gidan bulo bisa tudu wanda ruwa bai taɓa shiga ba, shi inshora ta fi yi ma araha kuma shi ya fi sauƙin karɓa, ya yi ta gobara da ambaliya a haɗe, takaful in zuciyarshi ta fi kwanciya da ita, ya rubuta darajar gaskiya ya riƙa sabunta ta duk shekara. Mai irin gidana na cikin lungun ruwa ya fara da birkila, in kuɗɗi sun rage ya ƙara da inshora saboda babbar rana. Mai gidan gado na ƙasa a Wurno ko Silame ko Gada wanda ba shi da inda zai koma, kada wani wakili ya cinye mai kuɗɗi da alkawali, nashi shi ne gyaran gindin bango, ɗaga rumbu, sanin inda zai kai iyali da dabbobi, da sauraren rediyo, don hukumar yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NiHSA mai lura da ruwan gulabe kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari kafin ruwa ya sauka, in an ce za a saki ruwan dam a tashi, to a tashi. Shi kuwa mai kuɗɗi a hannu wanda bai riga ya saya ba, kamar kai, shi kaɗai ne cikinmu ke da zaɓin da ya fi duk waɗanga, kada ya saida shi don rangwamen rabin kuɗɗi, araha ba ta ado. Rarar da kake hange ciko da dogon fandisho za su cinye ta tun ba ka kai linta ba, ran da kuma ka tashi saidawa mai saye zai yi maka irin tambayoyin da nake maka yanzu.

Ya ce to Yaya na Kwannawar fa, ai shi ma ban san halinshi ba. Na ce gaskiyarka, tudu ma na da kwarinshi, kuma ba a sanin fili cikin rani. Mun bar ma dillalin magana kan ya jira, in ya ƙi jira ya saida ma wani. Ran da anka yi ruwan kirki na farko da safe za mu hau mashin mu je mu ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi, mu duba gindin katangun maƙwabta ko akwai zane, mu nemi tsohon da ya noma wurin kafin a yanka shi fuloti mu tambaye shi mi yake shukawa nan, in ya ce gero da wake mu ci gaba da ciniki, in ya ce shinkafa mu yi mai godiya mu hau mashin ɗinmu.